Emzar Kaldani, Mutumin da Ba Ya Shiga Gaba

Mai girma Fada Iakob, limamin cocinmu, mun gaishe ka. Wakilin shugaban gunduma da ya taso daga Mestia, sannu da hanya; ka ga ramukan titinmu da idonka, ba sai na ƙara komai ba. Dattawan ƙauyen nan da na ƙetaren kogi, sannunku da zuwa. 'Yan ƙungiyar ceto ta kan dutse, abokan aikin marigayi, sannunku. Lamara, matar aminina, Eteri 'yarsa da mijinki Zaza da jikoki, da dukkan dangin Kaldani, Allah ya ƙara muku haƙuri. Sai baƙuwarmu Halina, wadda ta baro ƙasar Poland da wannan gwiwa tata don ta zauna tare da mu yau. Baƙo daga Allah yake, sannu da zuwa gidanki.

Ni ne Guram direba, ga wanda bai sani ba. Da dangi suka ce ni zan tashi in ɗaga kofi in yi jawabi a wannan rana ta cikar kwana arba'in, na ce musu haba, ku nemi mai baki. Lamara ta ce, "Mai baki? Duk kwarin nan akwai wanda ya kai ka surutu?" To, ga ni. Eteri tana gefen Halina tana juya mata maganata, don haka zan yi a hankali, kuma zan faɗi abubuwan da kowa a nan ya sani. Ku yi haƙuri ku sake ji.

Emzar ya kasance mutumin wannan hanya da ke haurawa zuwa kogin ƙanƙara, wanda shi yake kira Tsohuwa. Ya kasance wanda duk shekara, in dusar ƙanƙara ta narke ruwa ya tafi da gadar katako, shi zai bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa har mu fito da gatari, muna zaginsa a ciki muna bin sa. Ya kasance mai yawo da gwangwanin jan fenti yana shafa wa duwatsu alama don kada baƙo ya ɓata. Ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ceto tun ba ta da komai sai igiya ɗaya da alfadari na aro. Ya kasance jagoran baƙi masu zuwa daga ƙasashen duniya, ya haura da su da safe su ga ƙanƙara, ya sauko da su kafin rana ta faɗi. Duk tsawon aikinsa bai taɓa fita da mutum ya dawo babu shi ba. Wannan ku ne shaida, ba ni ba.

Amma abin da muka fi saninsa da shi, abin da yaran ƙauyen nan ke kwaikwayo in suna wasa, shi ne ba ya shiga gaban kowa. Jagora ne, amma a baya yake tafiya. In na sauke masa baƙi a bakin gada, sai ya tsaya ya ƙare musu kallo kamar mai sayen doki, ya nuna wanda ya fi kowa nawa, ko tsoho ne ko mai ƙiba irina, ya ce, "Kai ne shugaba yau. Wuce gaba." Samarin nan masu sanduna bibbiyu da tufafi masu ƙyalli sai ka ga ransu ya ɓaci. Na taɓa jin wani dogon Bajamushe yana ce masa, "Da wannan tafiyar yaushe za mu isa?" Emzar ya ce, "Ɗana, Tsohuwa tana can tun kafin a haifi kakan kakanka, ba yau za ta yi ƙaura ba. Kai dai ka kalli duga-dugan babar nan, ka ga yadda ake tafiya." Sannu ba ta hana zuwa. Kuma suna isa ɗin, su dawo suna rungumarsa suna ɗaukar hoto da hularsa.

Ba a kan dutse kaɗai ba, wallahi. Zuwa coci, a baya. Shiga ɗakin cin abinci, a baya. Ranar aurensu Lamara ce ta fara fita daga coci, ango yana biye kamar ɗan rakiya, har surukinsa ya ce, "To, an riga an san mai gidan." Lamara, kina dariya, ƙarya na yi?

Yara suna ɗauka hali ne kawai. Mu da muka girma tare mun san inda abin ya samo asali.

Kusan shekara hamsin ke nan, Emzar yana saurayi mai ji da ƙafa, suka fita farautar bunsurun dutse shi da yayansa Jansug. A dawowa suka yanke ta kan ƙanƙara don hanya ta fi kusa. Jansug na ɗauke da nama, yana tafiya a hankali. Emzar ya ce masa, "Yaya, kai tafiyarka sai ka ce tsohuwar saniya," ya wuce gaba yana fito. Da ya kai ƙasa mai ƙarfi ya waiwaya, babu kowa. Dusar ƙanƙara ta rufe wata tsaga, ta buɗe ta haɗiye Jansug, ko ihu bai ji ba. Mazan ƙauyen nan duka suka haura da igiyoyi, mahaifina yana ciki. Suka yi iya yinsu, suka dawo hannu rabbana.

Kun san yadda abin yake a wajenmu. Wanda ya mutu a waje, sai an je an ɗauko shi an kuma kira ruhinsa an rako shi gida, in ba haka ba yana can yana gararamba cikin sanyi. Inna Maro, mahaifiyarsu, ba ta taɓa ce wa Emzar laifinka ne ba, ko sau ɗaya. Abin da ta ce kawai, lokacin da take kwance ciwon ajali, shi ne, "Na bar wuri kusa da ni a maƙabarta. Tsohuwa ba ta riƙe abin mutane har abada. In ta saki yayanka, ka kawo min shi." Ya ce to.

Wannan "to" ɗin ita ce rayuwarsa gaba ɗaya. Ƙanƙara tana tafiya, kun sani, a hankali take gangarowa, abin da ta haɗiye a sama wata rana sai ta amayar a baki. Shi ya sa ya zama jagoran baƙi. Baƙi suna tsaye a bakin ƙanƙara suna ta ɗaukar hoto suna cin gurasa, shi kuwa yana bin gefen ruwa, hannu a baya, ido a ƙasa. Su ɗauka duwatsu masu kyau yake nema. Shekara ta bi shekara, Tsohuwa tana ta narkewa, bakinta yana ja da baya yana hawa sama, shi ma yana bin ta, tafiyar tana ƙara tsawo, ƙafafunsa suna ƙara tsufa. Na sha ce masa, "Emzar, ka haƙura mana. Allah ya san inda Jansug yake." Sai ya ce, "Allah ya sani, Inna ce ba ta sani ba." Ya za ka yi da mutum irin wannan?

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce Emzar ya yi zaman baƙin ciki. A'a. Ya kasance mai cin kubdari, gurasar nan tamu mai nama a ciki, har uku a zama ɗaya ya ce matarsa ta rage nama. Ya kasance mai waƙa da murya kamar ƙofar rumbu, kuma ba ya jin kunyar ta da ita. Ya kasance mai tsokana. Ni dai na sha. Duk lokacin da na sauke baƙi na kwantar da kujera zan yi barci a mota, sai ya ce musu, "Wannan shi ne mai girma Guram, babban mahayin dutse. Ya taɓa hawa kan buhun dankali ba tare da igiya ba." Su yi ta gyaɗa min kai cikin girmamawa, ni ban san me aka ce ba.

Bara da bazara zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likita a garin Zugdidi ya ce masa hawan dutse ya ƙare. Ya zauna a gida kamar an ɗaure kare mai farauta, ga shi rani ya yi zafi irin wanda ba mu saba gani ba, kowa na cewa Tsohuwa tana narkewa kamar man shanu a kasko. Yana jin haka yana kallon sama. Daga ƙarshe Lamara ta gaji da ganin fuskarsa, ta ce, "Sau ɗaya. Ka je ka duba sau ɗaya, ka yi mata sallama, shi ke nan. Kuma Guram zai bi ka." Na ce, "Ni? Da wannan tumbin?" Ta ce, "In ya faɗi, kai za ka goyo shi. Ka ci abincina shekara da shekaru, yau ranar biya." Kun ji yadda aka yi ni Guram na taka wancan dutse.

Eteri ce ke da baƙi ranar, don ita ta karɓi aikin. Samari da 'yan mata ne masu jini a jika, sai Halina, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya ta ce sai ta ga duniya kafin gwiwa ta hana ta. Ba sai na gaya muku wa Emzar ya sa a gaba ba. Muka ƙetare gada, muka bi cikin itatuwa, muka fita fili inda babu komai sai tarin duwatsu da tsakuwa da ƙanƙara ta bari a baya. Ni ina numfashi kamar tsohuwar motata a kan tudu. Halina tana ɗingishi tana ba da haƙuri, shi kuma yana ce mata cikin Rashanci, "Ranki ya daɗe, ke ce shugaba, shugaba ba ya ba da haƙuri."

Muna hango bakin ƙanƙara can sama, fari da shuɗi, sai gwiwar ta ce ba ta san zance ba. Halina ta zauna a kan dutse, ta ce ko za a yanka ta ba za ta ƙara taku ɗaya ba. Kuma lokaci yana tafiya, don in rana ta take duwatsu suna gangarowa daga saman ƙanƙarar, ba a zuwa kusa.

Na ce, "To, ga shi Allah ya kawo sauƙi. Ni zan zauna da ita, dama ni ma na mutu. Ka bi Eteri ka haura."

Ya tsaya yana kallon sama. Jama'a, na ga fuskar mutumin nan. Abin da ya yi shekara hamsin yana nema, ga wurin can, ga rana ta ƙarshe da aka ba shi. Har ya ɗaga ƙafa ya yi 'yan taku. Sai ya waiwayo ya ga Halina zaune tana murza gwiwa, ya dawo ya ajiye jakarsa.

"Ni na sa ta a gaba," ya ce. "Ba na wuce wanda na fito da shi."

Raina ya ɓaci, na gaya muku gaskiya. Na ce, "Kai wane irin taurin kai ne wannan? Ba ga ni ba? Kura ce zan zama in cinye ta? Lamara ba za ta sake barin ka ba, ka sani!"

Ya ce, "Na sani. Zauna, Guram, kana tare min rana." Ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Eteri, in kin isa ki duba min gefen ruwan."

Suka tafi, muka zauna mu uku. Ya ciro kubdari ya raba, ya miƙa wa Halina babban kashi. Ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, "To, shi ke nan. Tsohuwa ta fi ni haƙuri. In na je zan gaya wa Inna na yi iya yina." Ba da kuka ya faɗa ba, kamar dai mutumin da ya gama noma ya jingina fartanya. Ni ne ma na juya baya ina fyace hanci.

Halina ba ta san komai a kan Jansug ba. Ita dai gwiwarta ta kumbura, ga wani ɗan ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin tarin tsakuwa kusa da mu, ta ja jiki ta je ta tsoma ƙafa. Can sai muka ji ta tana faɗa, irin faɗan ma'aikatan asibiti: "Kai, mutane ba su da kirki! Har nan ma sai an zubar da shara? Ji wani tsohon takalmi!"

Emzar ya tashi don ya ɗauke, kun san shi da tsintar shara a hanya. Na ga ya durƙusa, sai ya daina motsi. Na ce zuciyar ce, na ruga. Ashe a ƙarƙashin tsakuwar nan akwai tsohuwar ƙanƙara, baƙa ƙirin, wadda Tsohuwa ta yanke ta bari a baya tun da daɗewa, tsakuwa ta lulluɓe ta, sai zafin bara ya buɗe gefenta. Ga takalmi irin na da, mai ƙusoshi a ƙasa, ya leƙo. A bakinsa ga safar ulu mai jan zare. Dattawan da ke nan sun tuna: Inna Maro jan zare take sa wa safar Jansug, shuɗi a ta Emzar, don su daina faɗa a kan safa.

Ya ce, "Guram, riƙe ni." Na riƙe shi. Ya cire hula, ya ɗora hannu a kan takalmin, ya ce, "Yaya, ashe nan kake zaune kana kallona ina wucewa?"

Shekara nawa yana bi ta gefen wannan tari, ido a sama, yana bin bakin ƙanƙara! Da ya haura ranar, da ya sake wucewa. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ni ba malamin addini ba ne, Fada yana nan, shi zai faɗi abin da wannan yake nufi. Abin da na gani kawai na faɗa: ya ƙi wuce baƙuwa mai ciwon gwiwa, sai ga ɗan'uwansa a inda ta zauna.

Hukuma ta zo ta yi aikinta, aka gwada jini aka tabbatar. Da kaka ta shigo muka haura ɗauko Jansug yadda iyayenmu suke yi, da zakara da mai goge don kiran ruhinsa. Fada ya yi addu'arsa a coci, ya kuma yi kamar bai ga zakaran ba. Mun gode, Fada. Lamara da bakinta ta ce Emzar ya je, aka ɗora shi a kan doki har wurin. Aka saki zakara, mai goge ya fara, aka ɗauki akwati. Sai tsoho Bekar, wanda ya fi kowa sanin al'ada, ya ce, "Emzar, ka san doka. Na jiki shi ke shiga gaba ya nuna wa mamaci hanya. Kai ne."

Emzar ya ce, "Ni ba na shiga gaba."

Bekar ya ce, "To, ya zauna nan ke nan. Muryar wa ya sani a cikinmu?"

Sai Emzar ya sauka daga doki, ya ce da ƙafa zai yi. Ya kama zakaran, ya wuce gaba. Tun muna samari rabon da in ga ƙeyar Emzar a hanya, har na manta yadda take. Yana tafiya a hankali, zakara a hammata, ba ya taku goma bai waiwaya ba. "Yaya, kana nan? Biyo ni." In mun zo ruwa ya tsaya: "Yaya, ga rafi, ka taka dutsen nan." Da muka iso gadar katako ya ce, "Kada ka ji tsoro, ni na yi ta." Haka har cikin ƙauye, har ƙofar gidansu, har maƙabarta. Da aka sa Jansug kusa da Inna Maro, ya sunkuya ya ce, "Inna, ga shi. Na yi latti, amma ga shi." Ranar maza sun yi kuka ba su ɓoye ba. Da yamma kuwa ya ci kubdari uku ya ce an rage nama.

Wannan hunturu da ya wuce, ban taɓa ganin mutum mai kwanciyar hankali kamarsa ba. Ya yi wasa da jikoki, ya gyara sandunan baƙi, ya cinye ni a dara yana min dariya. Da bazara ta fara, wata safiya ya fita ya zauna kan benci a ƙofar gida yana shan hantsi, yana fuskantar dutse. Lamara ta kawo masa shayi ta tarar ya tafi, hularsa a kan gwiwa.

Lamara, ke kika san nauyin da kika ɗauka. Kin auri mutumin da rabin zuciyarsa ke kan ƙanƙara, kullum ki tsaya a taga sai kin ga hularsa ta ɓullo a ƙarshen layi, kuma ba ki taɓa ce masa ya zaɓa tsakanin ke da alkawarinsa ba. Mu mutanen ƙauyen nan mun gani, kuma mun gode miki. Kwanan nan kin ce min kina jin kamar ki bi shi. Kul, kada in sake ji. Kin san mijinki. Ba inda ya je. Yana can ya sami wani dutse ya zauna, ya ajiye jaka, yana jira. Ki yi tafiyarki a hankali, ki aurar da jikokin nan tukuna. Ba zai wuce ki ba.

Eteri, hanya taki ce yanzu. Ba zan ce ki zama babanki ba, don babu mai iyawa, kuma muryarki ta fi tasa daɗi. Amma gwangwanin fenti yana rumbu, kin san inda yake. Zaza, ruwa ya sake tafiya da gada bana, kuma babu mai ƙwanƙwasa mana ƙofa. Don haka ni na ƙwanƙwasa: gobe da safe duk mai gatari ya fito. In mun gama, za mu haura mu gai da Tsohuwa, mu gaya mata ba ma riƙe ta da komai. Halina ta ce za ta je. Ita ce a gaba, ba sai an tambaya ba. Ni kuma, Allah ya nuna muku, ni zan tsaya a baya.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo, zumunta a ƙafa take. Mun gode wa matan da suka tsaya a kan murhu tun jiya, da maƙwabtan da suka kawo tebura da kujeru, da 'yan ceto da suka ɗauki akwatinsa a kafaɗa.

Yanzu ku tashi, ku ɗiga abin shan kaɗan a kan gurasa yadda aka saba, ku ɗaga kofi. Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Emzar, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurin haske, kusa da Inna Maro da yayansa Jansug. Ka sanyaya zuciyar Lamara, ka raya zuriyarsa. Ka tsare duk baƙon da zai taka wannan hanya, ka dawo da shi gida lafiya kafin rana ta faɗi. Mu kuma da muka rage, masu sauri da masu nawa, kada ka bar ko ɗaya a baya. Amin.